Wa Zai Ce wa Inna Ta Shiga Mota?

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Baba ya riga mu tafiya da hantsin wata Talata, an gama yankan gero, dawa tana tsaye a gona tana jiran lokacinta. Jinyar ba ta wahalar da shi ba. Ya sha kunu, ya ce a gyara masa matashi, ya yi kalmar shahada, shi ke nan. Ni ce 'yarsa ta biyu, ina aure a ƙauyen da ke gaba da namu ta hanyar Minjibir. Na ɗauki biro ne don jikokinsa, kada su tashi su ji ana cewa kakansu wani tsohon direba ne mai faɗa, su ɗauka iyakar labarin ke nan.

Ban san garinmu zai iya ɗaukar motoci haka ba sai ranar. Bas-bas, tifofi, manyan motocin kaya, duk sun jeru a bakin gonaki, har Kawu ya bar zaman makoki ya fita yana sababi wai an taka masa wake. Direbobi suka cika ƙofar gida. Wani ya share hawaye da hularsa ya ce, "Yanzu wa zai riƙa zaginmu?" Aka yi dariya. Mai ƙosan tasha ta shigo cikin gida ta ce ita fa tun da take ba ta taɓa ganin mutumin da ke durƙusa wa taya kamar zai gaishe ta ba sai Baba. Liman ya ce shi shaida ne, marigayi bai taɓa bari an ja sallar Magariba yana ƙarƙashin mota ba. Akwai kuma wani ƙaton mutum, direban tifa, wanda babu wanda ya san shi, ya zauna a gefen zaure yana kuka wiwi, sai da aka ba shi ruwa.

Goggo ce, ƙanwar Baba, ta faɗi abin da ke zuciyar kowa a cikin gida. Ta dubi Inna da ke zaune a kan tabarma da carbi, ta rage murya, amma muryar Goggo ko an rage ta ana ji daga bayan katanga. Ta ce, "To ita wannan fa? Wa zai ce mata ta shiga mota?"

Ga yadda abin yake. Yanar ido ta rufe wa Inna idon hagu, na dama ma ya fara hazo. Likita a Kano ya duba ta ya ce aiki ne mai sauƙi, amma kada a ja lokaci. Ana shirin komawa sai Baba ya kwanta, ta ce ba inda za ta. Ita kuwa Inna, tun da aka kawo ta gidan nan, ba ta taɓa sa ƙafa a cikin mota ba sai wadda Baba ya duba birkinta ya ce mata, "Shiga." Yanzu mai faɗin kalmar ya tafi, ido kuwa ba ya jira.

Tsoron nata yana da asali. Tana budurwa, suna dawowa daga kasuwar Gezawa a bayan wata motar gyaɗa, birki ya tsinke a gangara. Motar ta bar hanya ta kutsa gonar mutane ta kwanta a gefenta. Allah ya kiyaye, babu rai, amma yayar mahaifiyarta ta karye, ita kuma buhu ya danne ta har sai da aka janyo ta ta ƙafa. Daga ranar ta ce ita da mota har abada. Sai ga shi Allah ya haɗa ta aure da direba. Inna ta ce a satin farko ya zaunar da ita ya ce, "Ba zan ce ki daina tsoro ba, tsoronki gaskiya ne. Amma duk motar da na ce ki shiga, na taka birkinta da ƙafata, na duba da idona." A kan wannan maganar suka zauna har mutuwa ta raba.

Baba ya fara da gingimari, yana ɗauko taki daga birni yana kawo wa manoma, ya koma da gero da gyaɗa. Daga baya ya sayi doguwar bas, irin wadda ake cika cikinta da mutane, a ɗaure buhuna da akuyoyi a sama. Yakan ce, "Tayar da mota kowane sakarai zai iya, tsayar da ita ne aiki." Idan aka yabi gudun wata mota a gabansa, sai ya tambaya, "Tana tsayawa?" 'Yan tasha suka sa masa Malam Birki, suna nufin tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu biyu.

Bakanikai suna cewa diski da fad. Baba faifai da takalmi yake cewa. Faifai shi ne zagayayyen ƙarfen da ke juyawa tare da taya, takalma kuma su ne guda biyun da ke matse shi idan an taka birki. Ban so na san wannan ba, dole aka yi mini. Lokacin da ake haɗa mini kayan ɗaki, Baba ya ce in shirya ya kai ni birni in zaɓi kwanukana da kaina. Murna kamar in tashi sama. A hanya ya ce, "Bari mu ɗan biya Ƙofar Ruwa, yanzu za mu fito." Wayyo ni! Ashe kasuwar kayan gyaran mota za mu. Mun shiga da hantsi, sai da aka kira Azahar muna ciki.

Ina tsaye ina tafasa, shi kuwa yana zaune a benci an zube masa kaya a gaba. Ya ɗauki takalmi ya jinjina shi a tafin hannu. Ya kankare fuskarsa da mukulli ya ga ko zai yi gari. Ya juya gefe ya duba inda aka manna shi da ƙarfen bayansa, ko akwai ɗan tsagu. Har sansanawa yake yi, wallahi. Faifai kuwa sai ya rataye shi a yatsa, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya karkata kunne. Mai shagon ya ce, "Baba, wannan gangariya ne, dubi kwalinsa ma."

Baba ya ce, "Kwalin zan ɗaura wa motar?"

Ba wai mai tsada yake bi ba. Na kamfanin motar, ya ce, yana da kyau amma ba kullum talaka ke iya kaiwa gare shi ba. Na hannu da ake kawowa daga waje, wani da sauransa, wani an gama cinye shi an wanke. Sababbin da wasu kamfanoni ke bugawa kuma, a ciki akwai na kirki, akwai jabu, kuma kwalin jabun ya fi kyau. Abin da yake nema shi ne wanda ya dace da nauyin motarsa. Ya ce takalmin da ya cika tauri yana cin faifai, wanda ya cika laushi kuma da ya ji zafi a gangara sai ya saki. Ya ce motar da ke ɗaukar mutane da buhuna ba a yi mata takalmin motar ango. Kuma ba ya sa sabon takalmi a kan faifan da ya yi kwari-kwari, ba ya canza ƙafa ɗaya ya bar ɗaya. Ranar dai kwanuka na saya a gurguje, har yau akwai wata tasa a cikinsu da ba na so, duk sanda na ɗauke ta sai na tuna shi.

Idan ya ɗaura sabon birki, ba mai shiga motar. Sai ya tafi da ita wayam zuwa gangaren rafi, ya sauka a hankali yana takawa yana saki, ya hau, ya tsaya ta huce, ya sake sauka. Ya ce sai takalmi da faifai sun saba da juna kafin a ba su amanar mutane. Fasinja su yi ta ƙorafi a tasha, wasu su hau wata motar, ko a jikinsa. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ya ga direba yana watsa wa faifai ruwa yana da zafi. Daga nesa za ka ji shi: "Kai! Za ka lanƙwasa shi! Shayi ne da za ka fifita?"

Maigidana ma bai tsira ba. Ranar sunan ɗana na fari, ya aro motar abokinsa, an wanke ta tana ƙyalli, ya je ɗauko Inna. Baba ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a, suka gaisa, maigidana yana durƙushe. Baba ya ce a ba shi mukulli. Ya taka birki, ya sake takawa, ya fito ya tattare riga ya leƙa bayan taya. Ya miƙe ya ce, "Allah ya yi albarka, ka kyauta. Amma ba za ta shiga ba." Maigidana ya rasa inda zai sa fuskarsa, ga suruki ba a musu da shi. Inna a amalanken shanu ta zo sunan, tana zaune a kan tabarma da ƙwaryar tuwonta, ta iso ana shirin watsewa, kuma ko kaɗan ba ta ji kunya ba. Ni ce na yi ta kumburi har kwana biyu.

Direban tifar nan mai kuka, sai daga baya ya ba Kawu labarinsa. Wata rana ya ratso garinmu da lodin yashi, daidai makarantar firamare ya taka birki, motar ta yi wata ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Baba yana dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya shiga gaban motar ya ɗaga hannu. Mutumin ya sauko da niyyar faɗa. Baba ya ce, "Ka zage ni daga baya, yanzu zo ka gani." Takalmin ya cinye, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Baba ya zaunar da shi a gindin darbejiya, ya sa aka dama masa fura, ya hau babur ɗin maƙwabci ya tafi har birni ya zaɓo masa wanda ya dace, suka ɗaura tare. Bai tambayi sunansa ba, bai tambayi garinsu ba. Da zai tafi abin da ya ce masa kawai, "'Ya'yanmu suna tsallaka hanyar nan." Mu a gida ba mu taɓa jin wannan labari ba, abin da muka sani shi ne ran nan ya bar aikin gona rabi.

Amma kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Baba yana da zafi, kuma zafin ya taɓa ƙona gidansa. Yaya, ɗan farinsu, a hannunsa ya koyi tuƙi, har Baba ya fara sakar masa bas ɗin. Wata rana za a kai 'yan biki wani gari, Yaya ya sayo takalmi mai araha a cikin kwali mai kyau, ya ɗaura da kansa, bai gaya wa kowa ba, bai kuma kai ta gangaren rafi ba. Mata sun cika mota da kwalliya, ana guɗa, sai Baba ya ga kwalin a bayan katanga. Ya zo ya zare mukulli. Ya ce kowa ya sauka. A gaban jama'a, a gaban yarinyar da Yaya ke nema a lokacin, ya ce masa, "Kai ba direba ba ne, mahauci ne." Wannan kalma ta yi nauyi, kuma na gaya wa Baba haka da bakina, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Yaya ya haɗa kayansa ya tafi kudu tuƙin tirela. Ya daɗe. Da ya dawo ya yi aure, ya sayi tasa bas ɗin, yana jigila tsakanin Gezawa da birni. A lokacin gwiwa ta hana Baba tuƙi, ya sayar da motarsa ya koma gona, sai dai direbobi su kawo masa kaya a leda ya jinjina musu. Yaya yana zuwa gaisuwa kullum, ya durƙusa, a yi hirar damina da farashin taki. Amma motarsa a bayan masallaci yake ajiye ta, bai taɓa kawo ta ƙofar gida ba. Don haka Inna ba ta taɓa shiga motar ɗanta ba. Na taɓa cewa, "Baba, yaushe za ka duba motar Yaya?" Ya ce, "Ya kawo ne?" Na je na sami Yaya, ya ce, "Ya ce in kawo ne?" Taurin kai dai a gidanmu gado ne, ni ma na samu rabona.

Ita kuwa Inna ba ta da bakin shiga tsakani. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko ruwa za ta ba shi sai dai ta ce da ni, "Ki miƙa wa wancan."

Bayan sadakar arba'in muka tayar da maganar asibiti. Malamai suka ce takaba ba ta hana neman magani. Inna ta ce ta ji. Direbobin da Baba ya yarda da su suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce motarsa tana nan. Ta yi godiya, ta sa musu albarka, ba ta motsa ba. Sai ta fara tuntuɓe da turmi. Ta zuba ruwa a gefen kofi. Rannan ta kira jikarta da sunan wata. Na ce, "Inna, makancewa za ki yi muna kallo?" Ta ce, "Abin da na gani a duniya ya ishe ni." Na yi kuka, na yi faɗa, na yi fushi na tafi gidana, na dawo washegari don zuciyata ta ƙi zama.

Sai ga Yaya wata safiya da bas ɗinsa har ƙofar gida, wurin da bai taɓa tsayar da ita ba. Ya je birni ya zaɓo faifai da takalma sababbi, ya shigo da su ya shimfiɗa a tabarma a gaban ɗakin Inna, ya ce da ni in gaya mata ta taɓa ta ji. Inna ko hannu ba ta miƙa ba. Ta ce, "Ki gaya masa ni ban san faifai ba, ban san takalmi ba. Ban taɓa sani ba. Mutumin na sani." Yaya ya sunkuyar da kai, ya tattara kayansa ya fita. Na ɗauka tafiya zai yi. Sai na ji ƙarar jak, yana ɗaga motar. Yini ya yi yana ɗaurawa.

Washegari na matsa wa Inna da kuka har ta yafa mayafi, don dai in ƙyale ta. Ta fito zaure ta tsaya ta riƙe ƙyaure, ƙafarta ta ƙi tsallake dokin ƙofa. Gari ya taru, har da waɗanda ba a gayyata ba, kowa na son ya ga yadda za a ƙare. Yaya ya tafi gangaren rafi da motar wayam. Ya dawo, ya sauko da fararen kayansa, maimakon ya buɗe ƙofa sai ya tsaya yana kallon tayar gaba. Ya ce, "Ba za a tafi yau ba."

Na ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "Idan na taka tana ɗan fizga hagu. Kaɗan ne, amma ban yarda da ita ba."

Jama'a suka ɗauka: haba, ɗan wannan, birnin ma nan da nan ne, ka lallaɓa mana. Ni kuwa na manta yayana ne. Na ce na sha wahala na fito da tsohuwa har zaure, shi kuma ya zo yana mana iyayi, in Inna ta koma ɗaki ba ta sake fitowa ba, alhakin idonta a wuyansa. Wasu samari suna dariya, wani ya ce an yi gadon abin. Yaya ya ɗauko jak, ya kwanta a ƙasa da fararen kayan nan.

Na juyo in ja Inna ciki, sai ta ce a kawo mata kujera 'yar tsugune. A zauren ta zauna tana sauraron ƙarar sifana har La'asar. Ashe wani ƙarfe ne da ke tura takalmin ya cije da tsatsa. Ya cire, ya wanke, ya mayar, ya sake komawa gangaren rafi. Da ta ji motar ta dawo ta tsaya, Inna ta ce da ni, "Ki dama fura ki kai wa wancan. Ki ce masa gobe gaba zan zauna."

Daga baya ta gaya mini da Yaya ya ce ta shiga a safiyar nan, da ba ta shiga ba, ko da zan mutu da kuka. Ta ce da ta ji ya iya hanawa, ana yi masa dariya bai fasa ba, sai ta ji zuciyarta ta kwanta.

An yi aikin, alhamdu lillahi. Yau Inna tana tsince tsakuwa a shinkafa, tana kuma ganin dattin da ke gefen zanena, abin da ban roƙa ba. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa zafin bakinsa, ya saka masa da kowane rai da ya isa gida lafiya ta dalilinsa, ya sanyaya masa makwanci, ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo.

Amma ni hanyar zuwa asibitin ce ta tsaya mini a rai. Inna tana gaba, ni ina bayanta, Yaya yana tuƙi. Inna ta riƙe carbi da hannu ɗaya, ɗayan ta damƙe ƙofa. Muka sauka gangaren rafi, motar ta rage gudu sumul, muka haye. Muka hau kwalta. Can wajen gonakin rake sai na ga hannun ya saki ƙofa, kanta ya karkata ya jingina da kujera. Gabana ya faɗi, na leƙa. Ashe barci take yi, har da ɗan minshari.

Yaya bai juyo ba. Ya ce a hankali, "Barci ta yi?"

Na ce, "Ta yi."

Ya goge ido da kafaɗar rigarsa, ya ƙara rage gudu. Masu babur suna wuce mu, masu keke ma sun kusa, ana ta yi mana hon daga baya. Haka muka shiga birni, bai bari ko rami ɗaya ya tashe ta ba.